Famfunan Kekunanmu na Kulle a Kabad ɗin Magani

Zuwa ga Mushe Haruna, malaminmu na boko kuma shugaban ƙungiyarmu ta masu kiwon kaji da ƙananan dabbobi, a Mayahi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da ban girma irin wanda ɗalibi ke yi wa malaminsa, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara da jikoki. Yaya ƙafar nan da aka ce tana damunka tun damina? Allah Ya ƙara sauƙi. Ni ne Mamman Sani, mai allurar kaji na ƙauyukan arewacin Isawan, wanda ka riƙe wa hannu ya rubuta wasiƙarsa ta farko a lakwal, wato makarantar boko, shekara arba'in da ɗoriya da suka wuce.

Na san za ka ce mene ne na rubuta maka wasiƙa a bainar jama'a, alhali na san ƙofar gidanka. Wallahi na yi jinkiri kafin in ɗauki alƙalami. Amma maganar ba tawa ba ce ni kaɗai, mu goma sha biyu ne masu allura da aka raba wa kekuna, kuma sau uku ina zuwa ofishin ƙungiya ina komawa babu biyan buƙata. Don haka zan liƙa kwafi ɗaya a allon sanarwa na ƙofar ofis, in ba sakatare ɗaya. Idan ka ga kuskure a rubutun, kada ka nemi jan biro, laifin ɗalibin ne, malamin ya yi iyakar ƙoƙarinsa.

Abin da ya taso da ni shi ne labarin da na ji, cewa a zaman kwamiti na bayan girbi za a karɓe zagayen da nake yi a ba wani. An ce rahoton da aka rubuta ya kawo dalili biyu: kekunan ba su dace da ƙasarmu ba, kuma Mamman Sani ya tsufa. Ba zan ɓoye maka ba, maganar ta biyu ta yi mini ciwo, har na kwana biyu ban ci tuwo da daɗi ba. Ga abin da na sani, dalla-dalla.

Na farko, kekunan.

Shekara biyu ke nan da masu tallafa mana suka kawo su. Ina nan ranar da aka sauke su daga mota. An ce sunansu keken hawan dutse, muka yi ta dariya, don mu dai ba mu da dutse sai tudun rairayi da kwazazzabai. Amma da na hau nawa, dariyar ta koma godiya. Tayoyinsa masu faɗi ne, ba su nutsewa kamar na tsohon kekena. A ƙarƙashin sirdi kuma akwai wani ɗan ƙarfe kamar gwangwanin tumatir mai sanda a ciki, wanda makanikai ke kira amortisa. Shi ke shanye girgizar hanya. Idan ka faɗa rami sai ya lotsa ya taso a hankali, bayanka bai san abin da ya faru ba.

Ka san aikinmu tsere ne da ƙanƙara. Ina ɗaure akwatin sanyi a bayan keke bayan sallar asuba, kuma dole in gama da kwalabar ƙarshe kafin ƙanƙarar ta narke, in ba haka ba allurar ta zama ruwa. A shekarar farko ina gama ƙauyuka shida kafin azahar, har da Garin Bizo, wanda shi ne na ƙarshe can bayan fadama. Ban ce babu wahala ba, akwai wuraren da ko aljani sai ya sauka ya tura. Amma a shekarar nan annobar da ke murɗe wuyan kaji ta zo da sanyi ta wuce, ba ta samu abin kirki ba a zagayena. Kai da kanka ka yaba mini a gaban jama'a, na dawo gida ina jin kaina kamar yaron da aka ba na ɗaya a aji.

Na biyu, yadda abin ya lalace.

Duk mai keke a wajenmu ya san Baba Ɗanjimo, mai gyaran keke a gindin bedi, wato dogonyaro, a kasuwar Tchaké. Shi ya riƙa gyara keken mahaifina, kuma ina jin naka ma ya sha faci a hannunsa. Baba yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: ba ya ganin bawul, wato ɗan bakin buga wa taya iska, ya wuce bai latsa shi da ƙusa ba, don ya ji ƙarfin iskar da kunnensa. Shekara hamsin yana haka, taya ba ta taɓa yi masa gardama ba. To amortisan nan yana da ɗan bawul a gefe, sak irin na taya. Na kai masa keken don ya ɗaure mini sarƙa, ya hango bawul ɗin, ya latsa. Muka ji fiis sau ɗaya, keken ya durƙusa kamar raƙumin da za a yi wa lodi.

Baba bai damu ba. Ya ce, “Kada ka ji komi ɗana, iska ce, kuma iska ba ta ƙarewa duniya.” Ya jawo babban famfonsa ya yi ta bugawa har rigarsa ta jiƙe. Abin ya ɗan taso, amma yana zare tiyo sai iskar ta biyo shi. Ya sake, ta sake biyo shi. Da ya gaji ya ɗiga masa man gyaɗa, ya naɗe shi tam da robar taya, ya ce in je in gwada. Man ya kira rairayi, robar ta riƙe shi a ciki, cikin mako biyu abin ya soma kuka kamar ƙofar zaure.

Sauran ƴan'uwana ma ba su tsira ba. Wasu Baba ne ya latsa musu, wasu masu facin garinsu, wasu kuma iskar ce ta zurare da kanta a hankali, tun da ba mai ƙara ta. Biyar daga cikinmu suka haƙura, aka cire musu amortisan aka sa guntun ƙarfe a wurinsa. Ni na ƙi. Ban san dalili ba, zuciyata ce dai ba ta yarda cewa wanda ya ƙera abu mai kyau haka ya yi shi don wata takwas kawai ba.

Ina so a rubuta a ajiye cewa ban zo ƙarar Baba Ɗanjimo ba. Mutumin kirki ne, abin da ya sani ya yi. Amortisa biyar ɗin da ya cire bai sayar wa masu gwangwan ba, ya goge su ya naɗe a tsumma ya ajiye cikin akwatinsa. Ya ce mini, “Abin ga bai mutu ba, suma ya yi. Wata rana mai maganinai zai zo.”

Na uku, abin da hakan ya jawo.

Keken da amortisansa ya sace ya fi keken da ba shi da shi tun asali mugunta. Bayansa ya zauna ƙasa, feda tana dukan kututture, kowane rami kuma gwaf yake yi har cikin ƙashin bayanka. Na rage gudu don kada kwalabe su fashe. Da na rage gudu, ƙanƙara ta riƙa riga ni. Ƙauyuka shida suka koma huɗu, ragowar biyun sai in ce gobe. Bara, daidai shigowar sanyi, bayana ya riƙe, na kwanta kwana tara matata Rabi tana gasa mini da ruwan zafi tana faɗa, tana cewa kajin mutane sun fi ni gata.

Da na miƙe na isa Garin Bizo, annoba ta riga ni da kwana huɗu. Akwai wata tsohuwa a can, Inna Tsahara, gwauruwa ce, kaji goma sha huɗu gare ta, da su take sayen sabulu da gishiri da maganin hawan jininta. Na tarar da biyu. Na tsaya a ƙofar danga. Ita ce ta hango ni, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo mini fura. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni da na fi samun sauƙi. Abin da ta ce kawai shi ne, “Na ce musu lahiya ba ta hana Sani zuwa. Yaya jikin naka?” Na yi wa kaji biyun allura. Har yau in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni.

Wannan shi ne tsufan da aka rubuta a rahoto. Ban musanta shekaruna ba, hamsin da biyu ne, kai ka fi kowa sani tun da kai ka rubuta su a rajistar aji. Amma mutumin da ya yi ƙauyuka shida a shekarar farko shi ne ya yi huɗu a ta biyu, kuma tsufa ba ya zuwa rana ɗaya da fiis.

Na huɗu, kuma a nan ne nake roƙon ka gyara zama, Mushe.

Ka tuna ranar da aka sauke kekunan, akwai wani ƙaramin kwali da ya zo tare da su? A ciki akwai wasu abubuwa goma sha biyu, kowanne da ɗan agogo mai allura da guntun tiyo, da kuma ƴan ledoji na zobban roba da ɗan maiko. Takardar da ke ciki ba da Faransanci aka rubuta ta ba, ba wanda ya iya karanta ta. Muka kewaye kwalin muna juya su. Wani daga cikinmu ya ce ai wannan abin awon hawan jini ne, irin na likita, tun da ga agogo ga tiyo. Kowa ya ce haka ne. Ni ma na gyaɗa kai, har na miƙa hannu na ce a fara da ni. Kai kuma, da yake mutum ne mai tsari, ka ce kayan likita ba na wasa ba ne, a sa su a kabad ɗin magani mai gilashi a kulle. Aka liƙa musu takarda: na'urar awon jinin dabbobi. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa ko a ina ake ɗaura wa kaza abin awon jini.

Da Babbar Sallar bana, Lawali ƙanen Rabi ya dawo daga ci-rani. Shekara uku ya yi a can arewa, ƙetaren hamada, yana aiki a shagon kekuna. Ya raka ni ofis karɓar allura, yana tsaye yana jirana sai idonsa ya faɗa kan kabad ɗin. Ya matsa ya karanta takardar, ya dube ni, sai ya fita waje da sauri. Na bi shi na same shi ya dafa bango yana dariya har da hawaye. Da ya samu numfashi ya ce, “Yaya, wanga ai shi ne hwamhon amortisa. Shekara biyu kuna karya ƙugu, magani na kallonku ta gilashi!”

Ya zaunar da ni a inuwa ya yi mini bayani. Ya ce cikin amortisa ɗan ƙanƙani ne, amma iskar da yake so ta ninka ta taya sau da yawa, shi ya sa latsawa ɗaya take kwashe ta, kuma famfon taya ba ya iya mayar da ita. Wannan ƙaramin famfon shi ke da ƙarfin, kuma bakinsa yana rufe bawul kafin a zare shi. Agogon kuwa don a auna wa kowa iska daidai nauyinsa ne, ta yadda in ya hau, sandan zai nutse kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ya ce a ƙasa mai rairayi irin tamu, a riƙa goge sandan da tsumma mai tsabta bayan kowace tafiya, ban da man gyaɗa, ban da naɗin roba, sannan sau ɗaya a shekara a buɗe a wanke a sauya zobban robar nan da ke cikin leda. Ya duba nawa ya ce sandan ya ɗan karce, amma yana da rai.

Rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami, Mushe. Mu da muke yi wa kaji allura, mu ne muka zama kazar. Ban faɗi wannan don in kunyata ka ba, don in akwai kunya, da ni za a raba ta, ni ne na miƙa hannu.

Na biyar, zuwana ofis.

Ranar Litinin ta bayan Sallah na yi wa mai kula da magazan, wato ɗakin ajiyar kayanmu, bayani. Ya saurare ni da kyau, ya ce kabad ɗin magani ba ya buɗuwa sai da sa hannun shugaba. Ban ga laifinsa ba, amanar da ka ba shi ce. Bayan mako biyu na kawo takardar roƙo na ba sakatare, aka ce kana Maraɗi wajen likitan ƙafa. Da aka soma yankan gero na sake dawowa, sai aka ce amsa ta fito, wai ba a ba mai gyaran keke kayan likita.

Ban yarda cewa wannan amsarka ce ba. Ina kyautata zaton maganar ta iso kunnenka a karkace, wataƙila an ce maka Mamman Sani yana neman abin awon jini ya kai wa makanike. In haka aka faɗa maka, ni ma da haka zan amsa. Dalilina na cewa ba amsarka ba ce kuwa, na san ka.

Ka tuna kabad ɗin lakwal ɗinmu? A cikinsa akwai ƙwallon duniya mai shuɗi da kore, wanda darakta, shugaban lakwal, ya hana a taɓa, wai kada a ɓata shi kafin sufeto ya zo. Shekara biyu muna leƙensa ta ramin makulli. Ranar da ka karɓi ajinmu, kana saurayi da wandonka mai faɗin ƙafa, ka tafi ka karɓo mabuɗi, ban san da wace dabara ba. Ka ɗora ƙwallon a tebur ka ce kowa ya zo ya sa yatsa. Ni na nemi Tasawa, babban garin da na sani, na rasa, na fashe da kuka, ka kama yatsana ka ɗora shi a wani wuri mai ruwan ƙasa ka ce muna nan ciki, da mu da awakinmu. Da darakta ya zo yana faɗa, muna ji ka ce masa kayan da ba a taɓawa ba su koya wa kowa komai. Ban ci jarrabawar shiga kwaleji ba, ka sani. Amma bayan shekara talatin, da aka nemi wanda zai iya karanta takardar kwalabar allura a garinmu, kai ka rubuta sunana. Duk abin da nake taƙama da shi a wannan aiki daga hannunka ya fito, kuma ina ƙaunarka a kan haka, ko ka karɓe zagayen ko ka bar mini.

Saboda haka ga roƙona, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Ɗaya, a buɗe kabad ɗin kafin zaman kwamiti, a cire wannan takardar, a ba kowane mai keke famfonsa.

Biyu, Lawali zai koma arewa da zarar an gama ɗaure dammuna, wato kwanaki kaɗan suka rage. Ya yarda ya yi wuni guda a gindin bedi yana nuna wa Baba Ɗanjimo da mu duka yadda ake buɗe amortisa, a wanke, a sauya roba, a auna iska. Bai nemi komai ba. Baba ya riga ya ce zai zauna ya koya, ya kuma yi alƙawarin ajiye ƙusarsa a aljihu in ya ga ƙaramin bawul, ko da yake ya ce hannunsa zai yi ƙaiƙayi. In Lawali ya tafi ba a yi ba, sai wata shekara, annoba kuma ba ta jiran ɗan ci-rani.

Uku, amortisa biyar ɗin da ke akwatin Baba a gwada mayar da su. Lawali ya duba su ya ce uku lafiya lau, biyu sai an buɗe an gani.

Huɗu, a jinkirta hukunci a kaina har in yi zagaye ɗaya da keke mai lafiya kafin sanyi ya shigo. Kada a tambaye ni yadda ta kaya, a aika Garin Bizo a tambayi Inna Tsahara ko na iso kafin azahar, kuma ko akwai sauran ƙanƙara a akwatin. Kajinta biyun nan sun yi ƙyanƙyasa, yanzu tara gare ta. In na makara, na yi maka alƙawari a gaban duk wanda ya karanta wannan takarda, ni da kaina zan kawo akwatin sanyi in ajiye a teburinka, in raka wanda kuka zaɓa in nuna masa hanyar bayan fadama da gidan kowace tsohuwa. Amma ina so in faɗi da ƙafata, ba da laifin ɗan bawul ba.

Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Ya warkar da ƙafar, Ya shirya maka zuri'a, Ya saka maka da alheri a kan duk yaron da ka riƙe wa yatsa. Ya jiƙan iyayenmu da malamanmu da suka riga mu. Ka gaishe mini da Hajiya, Rabi ma tana gaisuwa, ta ce in faɗa maka ta gaji da dafa ruwan zafi.

Ranar kasuwa mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za ka same mu a ƙofar ofis da hantsi, ni da Lawali da Baba Ɗanjimo da akwatinsa. Keken zan turo shi, don bayana ba zai iya hawansa har Mayahi ba. Mun taɓa tsayawa a gaban kabad muna jiranka, Mushe, kuma ka zo da mabuɗi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗalibinka har gobe,
Mamman Sani, mai allurar kaji, arewacin Isawan.